Ƙofar da Kawu Bai Sa Ba

Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, ina tsaye gaban injin buga takardu a shagon da nake aiki, Anti ta kira ni ta ce Kawu ya rasu. Sai na ji bakina yana tambayarta wane Kawun, alhali Kawu ɗaya gare ni a duniya, ƙanin mahaifiyata, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ita mai maganar matarsa ce. Ta ce ya karya kumallo lafiya lau, ya ce ƙirjinsa ya ɗan riƙe, ya zauna a kujerarsa ta bakin ƙofa, kafin a kawo mota rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu dukanmu, kuma wurinsa za a tattara mu. Na faɗi haka da bakina, na kuma yarda da shi har cikin zuciyata, amma ƙafafuna sun ƙi ji. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na shiga ɗaki sai in manta abin da ya kai ni, in fito tsakar gida in yi ta zagaye kamar wadda ta jefar da makulli.

Kawu, bari in yi maka magana kai tsaye, don ban saba yin zancenka a bayan idonka ba.

Mutane da yawa sun zo gaisuwa, kuma kowa da irin Kawun da ya sani. Tsofaffin abokan aikinka na tasha sun tuna direban doguwar bas da bai taɓa wuce mai tafiya a ƙafa cikin ruwan sama ba. Wani ya ba da labarin ranar da ka juya mota cike da fasinja ka koma baya, saboda wata mata ta manta maganin jaririnta a inda aka tsaya cin abinci. Ya ce fasinjoji sun yi ta surutu, kai kuwa ko waiwaye ba ka yi ba, sai da ka kai ta ta ɗauko. Maƙwabta sun tuna yadda kake gyara famfon layinmu ba wanda ya sa ka. Ni kuwa na tuna mutumin da ya koya mini keke a bayan gida, yana riƙe da sirdi yana gudu yana haki, yana rantsuwa bai saki ba alhali tun tuni ya saki. Duk wannan gaskiya ne, amma akwai Kawun da ni kaɗai na sani sosai, wato ɗalibina mai taurin kai, wanda ya fara koyon zana taswirar wasan kwamfuta bayan furfura ta gama cinye masa kai.

Ga yadda abin ya faro. Akwai wani wasa da nake yi a kwamfutata in na taso daga aiki, irin wanda mutum ke jan wani ɗan mutum-mutumi ya bi gari gari, ya shiga gidaje, ya yi magana da mutanen da ya tarar. Wasan yana da wata manhaja a gefe da ke ba kowa dama ya gina tasa ƙasar: ka shimfiɗa fili, ka ja hanyoyi, ka dasa itatuwa, ka kafa gidaje, ka zuba mutane a ciki. Mama ta tsani abin nan, kullum cewa take mace da girmanta ta zauna tana wasan yara. Wata ranar Asabar da la'asar ka zo gaishe ta, ka same ni a falo ina jera gidaje a bakin wani kogi. Ka tsaya a bayana da kofin shayinka, ka tambaye ni wa ya gina garin, na ce ni. Ka sake tambaya ko kowane irin gari mutum ke so zai iya ginawa, na ce ƙwarai. Ka ajiye kofin, sannan ka ce, "Har wanda babu shi yanzu?"

Na san garin da kake nufi. Duk danginmu mun taso da labarinsa: garin da aka haife ku kai da Mama, wanda aka tashe ku daga cikinsa lokacin da aka gina madatsar ruwa, ruwa ya hau ya shafe shi har kan bishiyoyi. Kai kana ƙarami sosai a lokacin, Mama kuwa ta fara zama budurwa. Ba hoto ko ɗaya, ba abin da ya rage sai abin da ke cikin kawunanku ku biyu. Ga shi kuma a watannin nan likita ya ce Mama tana da hawan jinin ido, ganinta yana ta tsukewa daga gefe, magani zai rage masa gudu ne kawai amma ba zai tsayar da shi ba. Ka ja kujera ka zauna kusa da ni, ka rage murya don kada ta ji daga ɗaki, ka ce kana so Yayarka ta sake ganin garinku kafin idon ya rufe. Na ce to ka faɗa mini yadda yake in zana maka. Ka ce a'a, hannun da ya taɓa katangun nan shi zai gina su.

Wallahi Kawu ka ba ni wahala. Linzamin kwamfuta ka riƙe shi kamar giyar mota, kana tura shi da dukan ƙarfin kafaɗarka har ya faɗo daga tebur. In na ce ka danna sau biyu da sauri, sai ka danna ɗaya, ka tsaya ka dube ni, sannan ka danna na biyun. Na yi maka bayani har bakina ya bushe cewa filin taswira a yanke yake ƙanana ƙanana kamar tayil ɗin ɗaki, kuma ƙasa ake fara shimfiɗawa kafin a ɗora abin da ke kanta. Ka ce ka gane, washegari na tarar ka dasa kasuwa guda a sararin da babu ƙasa, rumfuna suna reto a cikin baƙin fili. Na koya maka cewa kowace katanga sai an yi mata alamar ba a ratsa ta, in ba haka ba ɗan mutumin zai bi ta cikinta ya wuce. Ka manta, muka zauna muna kallonsa yana ratsa gidan mai unguwa daga gaba ya ɓulla ta baya, kana dariya har da hawaye kana cewa ko a da ma haka ɓarayin kaji suke yi wa gidan. Da ka tashi gyarawa kuma sai ka wuce gona da iri, ka toshe har hanyoyin, ɗan mutumin ya tsaya cak a tsakiyar gari ba gaba ba baya.

Ranar da ta fi ƙona mini rai ita ce ranar da ka gama unguwar makaranta tas, da filin ƙwallo da gidan malamai, sannan ka rufe kwamfutar ba ka adana aikin ba. Na kama kaina da hannu biyu. Kai kuwa ko a jikinka, ka ce ai ruwa ya taɓa cinye unguwar nan gaba ɗaya ba ka mutu ba, balle wannan. Ka sake gina ta daga farko, ta ma fi ta da kyau. Daga baya ka sayi tsohuwar kwamfuta taka ta kanka, Anti ta ce tun daga ranar ta rasa miji, abinci sai ya yi sanyi a gabanka kana neman inda za ka dasa bishiya.

Hanyoyinka kuwa abin kallo ne. Ƙaramin gari wanda jakuna da kekuna ke bi, amma ka ja masa tituna masu faɗin da bas biyu za su gifta juna, kowace kwana ka buɗe ta, kowane lungu ka bar masa wurin juya mota. Na ce Kawu wannan ai ba lungu ba ne, filin jirgi ne. Ka ce hannunka ne ya ƙi yarda ya zana hanyar da mota za ta maƙale. Sai kuma ɗabi'arka da ta fi cin lokaci: a manhajar akwai yadda mutum zai ɗauki ɗan mutumin ya ajiye shi daidai inda yake son gwadawa, amma kai ka ƙi. Ko tukunya ɗaya ka ƙara a ƙarshen gari, sai ka koma bakin tasha inda wasan ke farawa, ka tako da ƙafa har wurin. Ina zaune ina karkaɗa ƙafa ina duba agogo, kana tafe a hankali kana gaida mutanen da kai da kanka ka ajiye. Da na yi ƙorafi ka ce ba ka taɓa ɗaukar fasinja a hanyar da ba ka fara bi da kanka ba, kuma Yayarka ba za ta zama ta farko ba.

Mutanen nan su ne suka fi taɓa ni. Da na nuna maka yadda ake sa wa kowane mutum maganar da zai faɗa in an tsaya gabansa, sai ka daina tambayata komai na kwana da kwanaki. Da na dawo duba aikin, na tarar garin ya cika da murya. Mai kananzir yana cewa a kawo kwalba mai murfi. Telan bakin kasuwa yana rantsuwa gobe za a samu ɗinki. Wata tsohuwa a gindin bishiya tana tambayar kowa ɗan gidan wane ne. Ka ce duk haka suke faɗa, ba ka ƙara ko kalma ba, kuma dukansu sun daɗe da rasuwa. A nan ne ka ba ni labarin yadda kake bin Mama rijiya kuna yara, ita da tulu a ka tana sauri, kai a baya da gajerun ƙafafu kana kiranta ta jira ka, ita kuwa ko ta waiwayo.

Abu ɗaya ya gagara, shi ne gidanku. Ka kafa shi a inda yake, tsakanin rijiya da babbar hanya, ka zagaye shi da katanga ta kowane gefe, amma ba ka sa masa ƙofa ba. Kai ka dage cewa ƙofar hanya take kallo, don ka tuna kana fita ka ga motoci. Mama kuma, da ka tambaye ta a fakaice, ta ce rijiya take kallo, ita da ta yi ta fita da tulu za a gaya wa? Kuka yi ta musu a falonmu kamar yara, tana ce maka ɗan tsako da bai san komai ba lokacin, kana ce mata tsufa ya fara taɓa ta. Na ce ka sa ƙofa biyu mana a huta. Ka harare ni ka ce gidan ubanku ba tasha ba ne. Ka yanke cewa ba za ka sa ƙofar ba sai ranar da ta zo da kanta ta ɗora yatsa a kan allon kwamfutar ta nuna wurin.

Ita kuwa, da ka gaya mata abin da kake ginawa, ta ƙi zuwa. Da farko ta ce ba ta da lokacin wasan yara. Daga baya ta ce abin da ruwa ya ci a bar wa ruwa. Ni na san tsoro take ji, tsoron ta gani zuciyarta ta karye, ko kuma ta duba ta kasa ganin komai. Kullum ganin yana raguwa, ta fara karo da gefen ƙofa, ta fara zuba shayi a bayan kofi. Kai kuma hankalinka ya tashi, kana kirana a wurin aiki kana tambaya ko za a iya ƙara wa gidajen girma, ko za a iya sa launin ya fi haka fitowa. A makon ƙarshe ka yi ta lallashinta har ta ce to, ranar Asabar za ta duba, don dai ka ƙyale ta. Ka kira ni kana murna kamar wanda aka yi wa haihuwa. Asabar ɗin ce ba ka kai ba.

Bayan an kai ka makwancinka, Anti ta miƙo mini kwamfutarka a nannaɗe cikin ɗankwalinta, ta ce ita ba ta san kan abin ba, amma ta san ba ka gama ba. Na kai ta ɗakina na kasa buɗewa, na kuma kasa barinta. Da na daure na kunna, sai na sami kaina a bakin tasha, na tako da ƙafa kamar yadda kake yi, ban yi tsalle ba. Na wuce mai kananzir, na wuce tela, na iso gidanku na yi ta zagaya katangar. Sa ƙofa aikin ɗan lokaci ne a wurina, amma hannuna ya ƙi. In na sa ta inda ka ce, na ƙaryata Mama. In na sa ta inda ta ce, na yanke maka hukunci ba ka nan. Ga ido yana tafiya, ga Mama ta zauna a kan darduma ba ta magana da kowa sai carbi. Sau biyu na ɗauko kwamfutar na nufi ɗakinta, sau biyu na juyo daga bakin labule. Ban taɓa jin rashin sukuni irin na kwanakin nan ba, abinci ma a tsaye nake ci.

Ita ce ta kira ni da kanta, wata la'asar bayan masu gaisuwa sun ragu. Ta ce, "Ɗauko mini abin nan na ƙanena."

Na sauke labule don hasken taga kada ya dame ta, na ƙara girman hoton iya yadda zai yiwu, na ɗora kwamfutar a kan filo a cinyarta. Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa allon, tana juya kai a hankali don ta kamo hoton da ɗan tsakiyar idon da ya rage mata. Muka fara daga tasha. Sai da muka shiga kasuwa na karanta mata maganar tela, ta yi wata 'yar dariya ta ce maƙaryacin banza, har aka tashi garin bai ba ta rigarta ba. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ce wannan bishiyar ba a nan take ba, ta ce gidan mai unguwa bai kai haka girma ba, ta ce wannan titi kuma na wane gari ne, ai lungun nan ko jaki da kaya sai ya karkata. Na ce mata hannun direba ne, ta ce ai ta gani.

Muka iso gidan. Na zagaya da ita sau ɗaya. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a katangar da ke kallon rijiya, ta ce nan ƙofa take. Sannan ta ja yatsan zuwa gefen hanya, daidai inda kake cewa, ta ce nan kuma wata ɓaraka ce da ruwan sama ya yi wa katanga, ta nan kake sulalewa ka je kallon motoci, shi ya sa kake ganin ita ce ƙofa, don ba ka taɓa fita ta ƙofar gaskiya ba sai in kana bin ta rijiya. Ashe Kawu duk musun nan ba wanda ya yi ƙarya a cikinku.

Na sa ƙofar a inda ta nuna. To a wasan nan ƙofa ba ta aiki sai an haɗa ta da taswirar cikin gida, wadda ake ginawa daban. Na ɗauka babu, har na fara ba Mama haƙuri cewa cikin sai na zana daga baya. Da na duba sai na ga ashe ka riga ka gina, kai kaɗai, ba ka gaya mini ba, yana nan a ajiye ba hanyar shiga. Na haɗa, muka shiga. Ga tsakar gida, ga murhu, ga randunan ruwa a jere, ga igiyar shanya, kuma kowace katanga ka yi mata alamarta daidai, ba wadda aka ratsa. A gefen randunan akwai wani ɗan yaro tsaye. Na matsa gabansa, rubutu ya fito, Mama ta ce in karanta mata. Na karanta mata.

"Yaya, jira ni."

Na juya ɗan mutumin zan fita, sai yaron ya biyo mu. Ban taɓa koya maka yadda ake sa mutum ya bi wani ba, ban san inda ka tono shi ba, ban san sau nawa ka gwada ya ƙi ba. Muka fita ta sabuwar ƙofar, muka nufi rijiya, yana biye a baya, kuma ka rage masa sauri da gangan, kullum ana ba shi rata. Mama ta kama hannuna da ke kan linzamin ta ce in tsaya. Na ce mata ai zai iso, haka aka tsara shi.

Ta ce, "Na ce ki tsaya ki jira shi. Duk yarintarmu ban taɓa jiransa ba. Ga shi yau shi ya yi gaba ya bar ni."

Muka tsaya a tsakiyar wannan faffaɗan titi naka har yaron ya iso ya tsaya a gefenta. A nan Mama ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Laraba, ni ma na yi nawa. Ta gani, Kawu. Da idonta ta gani, tun yana da sauran haske. Ban san ko wata mai zuwa za ta iya ba, amma ranar ta gani, har ta gane randar da ta ce ita ta fasa wa baki. Ni kuma a ranar na fara cin abinci a zaune.

Ban taɓa titunanka ba, na bar su da faɗinsu. Bishiyar da ta ce ba a nan take ba na matsar da ita. Na kuma buɗe maka ɓarakarka a gefen hanya, 'yar ƙarama, daidai yaro.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Anti, wadda ta yi haƙuri da sanyin abinci da dogon zama, Allah Ya ba ta juriya Ya zama gatanta. Ina yi wa 'ya'yanka da jikokinka, da abokanka na tasha, da duk wanda ka taɓa tsayawa ka ɗauka a hanya. Ina yi wa Mama, wadda yanzu ita kaɗai ta rage da ta san garin nan da ƙafarta, Allah Ya sanyaya mata zuciya Ya tsare mata abin da ya rage na ganinta. Kai kuma Kawu, Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya karɓi kyawawan ayyukanka, Ya yalwata maka kabarinka fiye da yadda ka yalwata hanyoyinka, Ya haskaka shi. Allah Ya sa ka tarar da ƙofar rahamarsa a buɗe, Ya haɗa ka da iyayenku a gidan Aljanna. In namu lokacin ya zo Allah Ya sa mu cika da imani, Ya kuma sa ka jira Yayarka a can. Amin.